Takardar wata uku da aikin biro

Duk wanda ya ratsa Maradi, ko Damagaram, ko Tawa, balle Yamai, zai ga allunan cibiyoyin koyon aikin biro: kwamfuta, aikin sakatare, lissafin kuɗi, wata uku ko wata shida, a ba ka takardar shaida. Da zarar sakamakon BEPC ko na bak ya fito, iyayen da ƴaƴansu ba su dace ba sai su nufi can da kuɗinsu. Kafin uba ya zare ko dala, ya kamata ya san abin da yaronsa zai fito da shi a hannu, da kuma wanda zai saye shi.

Zamanin da gwamnati kan ɗauki duk wanda ya ƙare makaranta ya wuce. Tsare-tsaren tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da FMI suka fara tura ƙofar tun shekarun 1980, karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994 ta ƙara danne ta. Yau hanyar shiga aikin gwamnati ita ce jarrabawar konkur, konkur kuwa diplom ɗin da gwamnati ta amince da shi yake tambaya, kamar CAP ko BEP ko bak, irin wanda ake samu bayan shekaru a makarantu kamar Lise Teknik Ɗan Kasawa ta Maradi. Shaidar wata uku ba ta cikin wannan sahu. Duk mai cibiyar da ya ce maka akasin haka, aljihunka yake kallo.

To, ke nan kuɗin sun tafi a banza? A'a. Horon gajeren lokaci, in na kirki ne, yana ba yaro abubuwa huɗu. Na farko, buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon maɓallai ba. Na biyu, tsara wasiƙar biro yadda take: wuri da kwanan wata, lamba, dalilin wasiƙa, gaisuwar rufewa da ta dace da matsayin wanda aka rubuta wa. Na uku, ajiyar takardu: rajistar wasiƙun da suka shigo da waɗanda suka fita, da jera dosiye ta yadda takardar bara za ta fito cikin minti biyu. Na huɗu, littafin shiga da fitar kuɗi, da lissafin kayan sito a Excel. Waɗannan aikin hannu ne, kamar ɗinki ko ƙira. Wata uku sun isa a koye su, muddin hannun ya taɓa na'ura kullum.

Mai sayen wannan sana'a yana kasuwa. Alhajin da ya saba riƙe lissafinsa a ka, zamani ya cim masa. Mai neman kwangilar gwamnati sai da lambar haraji ta NIF da rajistar kasuwanci. Harajin TVA kashi 19 ne cikin ɗari. Tun 2021 hukumar haraji ta DGI ta shigo da tsarin rasit mai tabbaci da ake fitarwa ta na'ura. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, sabon tsarin lissafinta kuma ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018. Tsarin ya yi wa ƙananan ƴan kasuwa sassauci: mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai miliyan 60 a shekara ba, ƙaramin lissafin shiga da fita ya ishe shi. Wannan daidai yake da abin da yarinya mai shaidar wata shida za ta iya riƙe masa. Haka nan ofisoshin masu fiton kaya da ke aiki da duwan ta Ɗan Isa, ko Ƙonni, ko Magarya, kowace takardarsu ta kwamfuta take bi.

Akwai kuma abin da ya fi haraji nauyi. Sau nawa muka ga babban ɗan kasuwa ya rasu, bashin da yake bin mutane ya bi shi kabari saboda ba a rubuta ba, waɗanda ke binsa kuwa suka cika ƙofar gida? Marayu ke biyan kuɗin wannan sakaci. Albashin sakatare na shekara goma bai kai asarar rana ɗaya irin wannan ba.

Amma horon yana da iyaka. Wata uku ba su gyara Faransancin da ya karye tun firamare. Na'ura tana ja wa kuskure jan layi, ba ta san abin da kake nufi ba. Ba su kuma koyar da riƙon amana. Sakatare yana ganin albashin kowa, da bashin kowa, da wasiƙar da ba a aika ba tukuna. Wanda bakinsa bai rufuwa, saurin yatsunsa ba shi da amfani. Wannan daga gida ake zuwa da shi. Sannan ga wani giɓi da cibiyoyin ya kamata su cike: dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki, amma masu shaidar sakatare nawa ne za su iya buga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a kwamfuta?

Saboda haka, uba, gani ya kori ji. Je ka cibiyar da ƙafarka lokacin darasi. Ƙirga na'urorin da ke aiki, ka ƙirga ɗalibai. In mutum huɗu ke kewaye da guda, kallo yaronka zai koya. Tambayi abin da suke yi in wuta ta ɗauke. Nemi ganin takardar izinin ma'aikatar da ke kula da koyar da sana'o'i, ka kuma ji ko suna tura ɗalibai sitaj, da inda suke tura su.

Kai kuma Alhaji, kada hatimin takarda ya ruɗe ka, sai an gwada akan san na ƙwarai. Zaunar da mai neman aikin, ka ce masa: na sayar da kaya jika 119 har da TVA, nawa ne rabon gwamnati? In ya ce jika 19, ya fahimci aikin. In ya ce sefa 22.610, to ya haddace kashi 19 ne kurum, bai san inda ake ɗora shi ba. In ya ci jarrabawar, ka biya shi haƙƙinsa. Mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 a 2024, kuma rubuta ma'aikaci a CNSS wajibi ne. Wanda ka danƙa wa makullin lissafinka bai kamata ya kwana da yunwa ba.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, ku buɗe wa yaran nan ƙofar sitaj ta gaskiya. Wanda ya zo koyon rajistar wasiƙu a zaunar da shi gaban rajista, a daina aikensa sayen ƙosai da dafa shayi har watanninsa su ƙare.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.