Barcin Da Ba Barci Ba Ne

Ni ba likita ba ne. Harshe na karanta, shi nake koyarwa. Amma akwai kalma guda da nake zargin tana da hannu a mutuwar 'ya'yanmu, wato "barci". Idan matashi ya kwankwaɗi kodin ko ya afa taramol fiye da kima ya sheme, sai ka ji ana cewa, "Ku ƙyale shi, barci yake yi, za ta sake shi." Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa, to, a nan wan ne ya shigo sanye da rigar ƙanen.

Kodin da taramol da mofin duk dangi ɗaya ne. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, akwai sashen da ke umartar ƙirji ya ja numfashi ko da mutum yana barci. Wannan sashe ƙwayoyin ke kashe wa kaifi idan sun yi yawa, musamman in an haɗa su da giya ko maganin barci. Numfashi ya dinga ja da baya, iska ta ƙaranta a jini, ƙwaƙwalwa ta soma lalacewa, daga bisani zuciya ta tsaya. Alamomin a bayyane suke: baƙin tsakiyar ido ya tsuke kamar kan allura, leɓɓa da farata su sauya launi, kira da girgiza ba sa tashinsa. Abin da muke kira minshari kuwa, sau da yawa kakarin shaƙewa ne.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma doka ba ta koya wa uwa abin yi da tsakar dare.

Abin yin shi ne: a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa madara ko manja domin zai shaƙe, a garzaya da shi asibiti, a kuma faɗi gaskiyar abin da ya sha. Akwai maganin da ake kira naloxone, wanda ke dawo da numfashi cikin mintuna, kuma ya kamata a ajiye shi a kowane asibiti.

Kalma ta biyu da nake tuhuma ita ce "rufin asiri". Gara maƙwabta su yi tsegumi da su zo ta'aziyya. Allah Ya shirya mana zuri'a.