Cinikin Biri a Sama: Tsakanin Kamfanonin Gem da Masu Jira

 Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, ƙorafi ne, kuma na san wani zai ce me ya haɗa masu karatun littafi da wasan kwamfuta? Abin da ya haɗa mu shi ne jira. Duk wanda ya taɓa kai ƙarshen littafi na biyu ya ga an rubuta masa a tara a na uku, ya yi wata shida yana zarya wajen mai sayar da littattafai, ƙarshe na ukun ya fito ya tarar shirme ne, to ya san ciwon da nake magana a kai. Bambancin kawai shi ne, masu wasan gem tun kafin kayan ya fito ake karɓe masu kuɗi.

A shekarar 2012 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland ya sanar zai yi wani wasa mai suna Cyberpunk 2077. Shekara takwas ana kwaɗaita wa mutane rai. A 2019 har ɗan fim ɗin nan, Keanu Reeves, aka ɗauko ya hau dandamali ya yi masa talla. Sau uku ana ɗage ranar fitowa, kamfanin yana cewa so yake komai ya nuna. Kafin ranar 10 ga Disamba 2020 da wasan ya fito, an riga an sayar da kwafi miliyan 8 ga mutanen da ko taɓa shi ba su yi ba. Da aka kunna shi a PlayStation 4 da Xbox One sai ido ya raina fata. Wasan yana tsayawa cak, mutanen ciki suna nutsewa a ƙasa, motoci suna tashi sama kamar an yi masu ture. Kwana takwas ba su gama cika ba Sony ya cire shi daga kasuwarsa ta intanet, bai mayar da shi ba sai a watan Yuni na 2021.

Abin da ya fi ba ni haushi a nan, kafin fitowar wasan, 'yan jaridar da aka ba su su gwada, na kwamfuta kawai aka ba su. Na tsofaffin na'urorin, wanda shi ne mai ciwon, an ɓoye shi. Wanda bai san kayansa na da aibi ba, me zai sa ya ɓoye shi?

Kafin wannan an yi No Man's Sky a 2016, na wani ƙaramin kamfani a Ingila mai suna Hello Games. Shugabansa, Sean Murray, ya sha nunawa a hirarraki cewa masu wasa za su iya cin karo da juna a cikin waccan sararin samaniya. Makon da wasan ya fito, mutum biyu suka je wuri guda a duniya guda, babu wanda ya ga ɗan'uwansa. Sai a 2018 aka saka wasan haɗin gwiwa na sosai. Shi kuwa Duke Nukem Forever, a 1997 aka yi shelarsa, sai 2011 ya fito. Yaron da aka haifa ranar shelar ya shiga sakandare kafin a ga wasan, da aka gan shi kuma kowa ya ce da ma an bar shi a inda yake.

Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Duk wanda ya san gidajen gem na unguwanninmu ya san matsayin PES, wasan ƙwallon kamfanin Konami na Japan. A 2021 suka canza masa suna zuwa eFootball 2022, a ƙarshen Satumba suka saki abin da ya zama abin dariya a duniya. Fuskar Messi kanta sai ka rantse ba shi ba ne. Wasan kyauta ne, amma sun riga sun fara karɓar kuɗin wani ƙunshin 'yan wasa tun bai fito ba. Ƙarshe suka ba da haƙuri, suka soke ƙunshin, suka mayar da kuɗi, cikakken wasan bai zo ba sai Afrilu 2022.

To, masu kare waɗannan kamfanoni suna da hujja guda da suke ji da ita: ai an gyara daga baya. Gaskiya ne, No Man's Sky ya zama wasa mai kyau, kuma gyare-gyaren kyauta aka yi ta bayarwa. Cyberpunk ma zuwa 2023 ya miƙe. Amma ku dubi lamarin da idon basira. Ka kai wa tela yadi, ka biya shi kuɗinsa cif, ranar biki ya kawo maka riga babu hannu ɗaya, ya ce ka saka haka nan, bayan shekara uku zai ɗinka hannun. Ran da ya ɗinka, yabonsa za ka yi? Bashi ya biya, kuma a makare. Ranar bikin ta riga ta wuce. Sannan gyaran nan ta intanet ake sauke shi, mai nauyin gaske. Wanda ke sayen data da gumin goshinsa, yana lissafin wutar lantarki, sau biyu ya biya kuɗin wasa ɗaya.

Wasu kuma su ce a tausaya wa ma'aikata, aikin akwai wuya. Ni ma ina tausaya masu, shi ya sa ma nake wannan magana. A Satumba 2020 CD Projekt Red ya tilasta wa ma'aikatansa aikin kwana shida a mako, bayan shugabanninsa sun ce ba za a tilasta wa kowa ba. Mai zane da mai tsara wasa ba su ne ke yanka ranar fitowa ba. Manyan ne ke yankawa, suna duban lokacin kasuwa da masu hannun jari. Wahala ta ma'aikaci ce, asara ta mai saye, kuɗin kuma ya riga ya shiga asusun kamfani.

Nan ne laifinmu ya shigo, mu masu saye. A da, lokacin faifai, akwai dalilin biya kafin lokaci, don kada kaya ya ƙare a kanti. Yanzu da ake saukewa ta intanet, wane kaya ne zai ƙare? Kamfanin da ya tara kuɗin kwafi miliyan 8 kafin a ga aikinsa, mun koya masa cewa talla ta fi aiki riba. Kuma ya koya, sauran ma sun gani.

Shawarata ba ta da tsawo. Kada ka biya sai wasan ya fito, an yi mako biyu, ka ga talakawa irinka sun buga shi a kan irin na'urar da kake da ita. Hoton talla ba wasa ba ne, gani ya kori ji. Marubutanmu masu sayar da labari kashi-kashi, ku ma da ku nake: wanda ya biya na ɗaya da na biyu yana bin ku bashin na uku mai kyau. Wanda bai yarda da ni ba, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji.