Ciwon gwiwa: Jinkirin zuwa asibiti ke hana mutanenmu cin moriyar ƙaramar tiyata

A masallatan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba wuya a ga dattijo yana salla a kan kujera ko ya miƙe ƙafa a ƙarshen sahu. A gidaje ma akwai iyaye mata da tashi daga tabarma ya zame musu aiki. Akan ce tsufa ne ko sanyin ƙashi, a sayo ƙwaya a kemis, a ci gaba da haƙuri. Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne guringuntsin da ke hana ƙasusuwan gwiwa gogar juna ya cinye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan amosanin gaɓɓai, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne.

Gwiwa sashe uku gare ta: na ciki, na waje, da na ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Idan sashe ɗaya kaɗai ya lalace, galibi na ciki, likita zai iya sauya shi da ƙarfe da roba ya bar sauran yadda Allah Ya halicce su. Yankan ƙarami ne, jinin da ake zubarwa kaɗan ne, mutum kan tashi da wuri, kuma gwiwar kan fi lanƙwasuwa fiye da wadda aka sauya gaba ɗaya. Wani bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 528, wanda mujallar Lancet ta buga a 2019, ya gano cewa bayan shekara 5 ayyukan biyu sun ba da sauƙi kusan iri ɗaya, kuma ƙaramin ya fi araha. Sai dai wani nazarin na shekarar ya nuna kashi 70 cikin 100 na ƙaramin aikin ne ke kai shekara 25, babban kuwa kashi 82.

Likitocin Japan, Koriya ta Kudu, Sin da Singafo sun daɗe suna bibiyar wanda wannan aiki ke yi wa kyau da wanda ba ya yi wa. Dalilinsu ya shafe mu kai tsaye. An ƙera kayan ne tun farko a Turai da Amurka, inda ake zama a kujera, alhali mutanen Asiya suna zama a ƙasa, suna tsuguno, suna durƙuso. Haka Bahaushe yake: sujada da zaman tahiya sau biyar a rana, cin abinci a tabarma, tsuguno a masai, duƙe a gona. Gwiwar da ba ta naɗuwa sosai ba ta biya masa buƙata ba.

Abin da likitocin ƙashi suka fi dubawa shi ne halin da gwiwa ke ciki kafin a shiga ɗakin tiyata. Wadda ke lanƙwasuwa da kyau kafin aiki ita ta fi lanƙwasuwa bayansa. Ana son jijiyar tsakiyar gwiwa ta kasance lafiya, sauran sassan biyu ba su cinye ba, ƙafar kuma ba ta karkace ta sandare ba. Ƙiba mai yawa na ƙara wa kayan nauyi, ciwon suga da ba a kula da shi ba da shan taba kuma suna hana rauni warkewa, su jawo ƙwayoyin cuta. Hannun likita ma yana da tasiri: rajistar tiyata ta Ingila ta nuna waɗanda ke yin aikin jefi-jefi sun fi samun marasa lafiya da ke dawowa a sake musu.

A nan matsalar kudancin Katsina take. Kusan duk waɗannan sharuɗɗa jinkiri ne ke rushe su. Mutum zai shekara da shekaru tsakanin mai ƙaho, mai tsaga da mai kemis, yana shan Diclofenac da ke iya cin ciki da ƙoda, ko Dexamethasone da ke tayar da suga ya raunana ƙashi. Matsalar tsaro da ta addabi waɗannan ƙananan hukumomi ta ƙara nisanta mutanen ƙauye da asibiti, ta kuma karya noman da ake samun kuɗin magani da shi. Kafin a kai ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, ko na Tarayya da ke Katsina, cutar ta riga ta mamaye gwiwar duka, ba sauran zaɓi sai babban aiki mai tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ya kamata gwamnatin Jihar Katsina ta tabbatar manyan asibitocin Ƙanƙara da Funtuwa da na maƙwabtansu suna da na'urar hoton ƙashi mai aiki, domin hoton da aka ɗauka mutum na tsaye ya isa ya nuna sashen da ya cinye. A samar da ma'aikatan gashin ƙashi, tunda motsa jiki da rage ƙiba kan jinkirta tiyata, kuma wanda aka yi wa aiki a Kano ba zai iya zaryar gashi can kowane mako ba. A kuma tsara ziyarar likitocin ƙashi lokaci-lokaci, hukumar KATCHMA ta duba yadda za ta rage wa talaka nauyin wannan jinya.

Iyalai su ma suna da nasu. Ciwon gwiwar da ya wuce wata uku, ko ya fara hana sujada, hoto yake buƙata. Idan aka kai ga maganar tiyata, a tambayi likita: sashe nawa ya lalace, sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara, kuma yaya durƙuso zai kasance bayansa? A tara amsoshin kafin a sayar da gona ko shanu.