Shin Ƙarfe Yana Iya Haifar Kansa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake, ga wata mas'ala da ta taso daga littattafan ƙagaggun labarai na Turawa, ta shiga majigi, har ta iso zauruka ta bakin yara. Mas'alar kuwa ita ce: ko inji zai iya samuwa da kansa, ya yi rai, ya hayayyafa, ba tare da maƙeri ba?

Asalin zancen ya daɗe. A shekarar 1863 wani mutumin Ingila, Samuel Butler, yana zaune a ƙasar Niyu Zilan, ya aika wa wata jarida da wasiƙa yana cewa injuna suna sauyawa suna ƙara kyau, kamar yadda Darwin ya faɗa game da dabbobi shekara huɗu kafin nan. A littafinsa Erewhon na 1872 ya ƙara da cewa mutum yana yi wa inji hidimar haihuwa kamar yadda ƙudan zuma yake yi wa fure. Daga nan marubuta suka bi sahu.

To, a dubi yadda suka kawo labarin. Stanislaw Lem, mutumin Polan, ya rubuta a 1964 labarin wata duniya inda injuna suka yi ta yaƙi da juna a kan abin da zai ba su ƙarfi, manya suka ƙare, sai ƙanana masu kamar ƙuda suka saura suna yawo gungu-gungu. Amma kakannin injunan nan wasu mutane ne da suka shuɗe suka ƙera su. James Hogan kuwa, a littafinsa na 1983, ya kai labarinsa Titan, ɗaya daga cikin watannin tauraron Zuhalu. Wani jirgi mai kafa masana'antu ya sami lahani a hanya, umarnin da aka rubuta masa ya gurɓace, injunansa suka yi ta kwafar juna da kuskure shekaru masu yawa har suka yi hankali. Nan ma jirgin yana da masu shi.

Waɗanda suka yi ƙarfin halin cire maƙeri ɗungum su ne marubutan labarin Transformers, wanda yara suka fi sani. A mujallar zane ta kamfanin Marvel ta 1984 an ce rai a duniyarsu ya faro ne daga faifai masu haƙora irin na cikin agogo, waɗanda suka samu haka kawai. Ba a yi nisa ba, a 1986, majiginsu na talabijin ya kawo wasu halittu ya ce su ne suka ƙera su. Watau ko mai tatsuniya bai iya riƙe wannan zance ba.

Wanda ya karanta Ummul Barahini ta Shehu Sanusi ba zai yi mamaki ba. Malaman tauhidi sun kira wannan tasalsuli: wannan daga wancan, wancan daga na gabansa, ba iyaka. Nisanta tambaya zuwa wani tauraro ba amsa ba ne. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya kawo ruwayar cewa Hayyu ɗan Yaƙzanu ya fito daga yumɓun da ya daɗe yana kumbura a wani tsibiri, amma bai ce yumɓu ya wadatar ba, ya ce sai da ruhi ya zo masa daga umarnin Ubangiji.

Adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren. Masanin lissafi John von Neumann ya nuna tun kafin 1950 cewa a ƙa'ida inji zai iya ƙera irinsa, muddin yana ɗauke da rubutaccen bayanin kansa wanda zai bi kuma ya kwafa. Kana a 2013 masana a Jami'ar Kambirij sun ga haƙoran da ke shiga juna a ƙafafun baya na wani ɗan ƙwaro mai tsalle da ake kira Issus. Duka gaskiya ne. Sai dai injin von Neumann yana bukatar wanda ya rubuta bayanin farko, haƙoran ƙwaron kuma a jikin mai rai aka same su, ba a cikin dutse ba. Kowane falke ya san keken ɗinki in ya karye, zaune zai yi har sai makaniki ya zo da kayan gyara.

Me ya sa za a damu da tatsuniya? Domin a yau ana ƙera na'urori masu magana, masu tuƙa mota, masu yanke hukunci a kan bashi da aiki. Wanda ya saba jin cewa inji yana girma da kansa, zai saba da yafe wa mai shi idan ya yi ɓarna. Alhali kuwa dabba ma in ta shiga gonar wani da dare, mai ita ake nema.

Saboda haka hana yara waɗannan labarai ba shi ne magani ba, don abin da aka hana ya fi daɗi. Abin da ya fi shi ne uba ko malami ya saurari labarin har ƙarshe, sa'an nan ya tambayi yaron: wa ya ƙera na farko, kuma wa za a kama in ya yi laifi? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi biyu, ba a ruɗe shi da ƙarfe mai ƙyalli.

Allah shi ne mafi sani. Wassalamu.