Kunne Ma Ɗan Kallo Ne: Matsayin Aikin Sauti a Fim Mai Ƙaramin Jari

A shekarar 1991 wani matashi ɗan Amurka mai suna Robert Rodriguez ya tsallaka iyaka zuwa garin Acuña na ƙasar Meziko, ya ɗauki fim ɗin El Mariachi da kuɗin da bai wuce dala 7,000 da 'yan kai ba. Tun daga lokacin labarin ya zama abin ƙarfafa gwiwa ga duk mai son shirya fim da aljihunsa. Sai dai masu ba da labarin sukan tsallake rabinsa na biyu. Kyamarar da ya ara mai ƙara ce, saboda haka ya riƙa ɗaukar hoto ba sauti, sannan 'yan wasa su maimaita maganganunsu a rikoda, daga baya ya zauna yana daidaita murya da motsin leɓe da hannu. Inda suka ƙi haɗuwa sai ya yanke zuwa wani hoton. Da kamfanin Columbia Pictures ya sayi fim ɗin, sai da ya kashe kimanin dala 200,000 wajen kammala shi, har da sake haɗa sautin, kafin ya dace da majigin silima. Wato kuɗin gamawa ya ninka kuɗin ɗauka kusan sau talatin.

Wannan lissafi ya shafi masana'antar fina-finan Hausa kai tsaye, domin tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 har zuwa fina-finai masu dogon zango da ake saki a YouTube, da ƙaramin jari take tafiya. Kyamarori sun inganta, ana ɗaukar hoto daga sama, launi ya yi kyau. Amma a fina-finai da yawa har yanzu mai kallo yakan ƙara sauti idan ana hira a falo, ya yi sauri ya rage idan waƙa ta shigo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kasafi yakan ƙare a wurin ɗauka, tsakanin sallamar jarumai da hayar gida da abinci da man janareta. Ranar da aka kai fim ɗakin tacewa, abin da ya rage ba ya isa a ɗauki ƙwararren mai sauti, sai a ɗora wa mai tace hoto aikin mutum biyu, a kuma ba shi kwana uku.

Ga harshen Hausa wannan sakaci ya fi tsada fiye da yadda ake zato. Hausa harshe ne da karin sauti da tsawon wasali da baƙaƙe masu lanƙwasa suke bambanta ma'ana a cikinsa. Tsakanin gari na zama da gari na tuwo, tsawon wasali ne ya raba. Tsakanin baki da baƙi kuwa, ɗan tsinkewar nan ta maƙogwaro ce babbar shaida. Idan an ɗauki magana kusa da janareta, mai tacewa ba shi da mafita face ya matsa wa manhajar rage hayaniya, ita kuwa ba ta san nahawu ba. Takan tafi da gefen baƙaƙe irin su ƙ da ts, ta bar murya kamar ta mai magana daga cikin randa. Bahaushe zai cike giɓin da sanin harshensa, ko da yake zai gaji. Ɗalibin Hausa a wata ƙasa, ko ɗan Zango a Kumasi da ya saba da wani karin harshen, shi abin kan kuɓuce masa gaba ɗaya.

Saboda haka aikin sauti na bayan ɗauka daga wurin ɗauka yake farawa. Abubuwan da ke ceton fim ba masu tsada ba ne. A ja janareta nesa da doguwar waya. A dakata idan an fara kiran salla ko Adaidaita Sahu na wucewa, maimakon a ce za a gyara a kwamfuta. A lura cewa shadda mai sitaci da mayafi da awarwaro abokan gabar ƙaramin makirufon nan ne da ake maƙalawa a wuyan riga; sau da yawa makirufo mai sanda da aka riƙe sama da kan ɗan wasa ya fi ba da murya mai tsabta. Sannan kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun wurin. Kowane ɗaki yana da nasa shirun, na zaure daban, na ɗakin da aka shimfiɗa wa kafet daban. Da wannan minti guda ne mai tacewa yake like tsakanin maganar da aka ɗauka da safe da amsarta da aka ɗauka da la'asar, har kunne ya kasa gane ɗinkin.

A ɗakin tacewa kuma akwai tsari. Ana fara tsabtace maganganu, a sake naɗar waɗanda suka lalace a situdiyo, sannan a gina duniyar da labarin yake ciki: takun takalmi, buɗe ƙyaure, zuba shayi, kukan kurciya daga nesa. Wannan sana'a ta ƙirƙirar ƙananan sautuka tana ɗauke da sunan Jack Foley, wanda ya yi fice da ita a kamfanin Universal tun farkon zuwan fim mai magana. Ba ta bukatar komai sai ɗaki marar hayaniya da kunne mai lura. Abin takaici, a fina-finan Hausa da dama kiɗa ne yake maye gurbinta. Ana shimfiɗa kiɗan fiyano daga farkon fitowa zuwa ƙarshenta don a rufe ramukan sauti, har ya kasance uwa tana yi wa ɗanta faɗa, kiɗa na gasa da ita. Gidan Bahaushe da hantsi cike yake da sauti, daga daka zuwa cārar zakara zuwa tallar yara a waje, amma a allo sai a same shi shiru kamar an yi ƙaura.

Furodusa yana da hujjarsa, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce masu kallonsa a waya suke kallo, kashi na gaba dole ya fita mako mai zuwa, kuma ba a taɓa ƙin fim don ba a ji takun takalmi ba. Amma hujjar wayar a kansa take komawa. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta fitar da sauti mai kauri, kuma a kasuwa ko a cikin mota ake saurarenta. Maganar da ba ta fita sarai a situdiyo ba, a can ɓacewa za ta yi. Bayan haka akwai ƙofofin da rashin aikin sauti yake rufewa. Ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Turai ta kafa ma'aunin ƙarfin sauti mai suna R128 tun 2010, kamfanin Netflix ma yana da nasa ƙa'idojin, kuma fim ɗin da bai cika su ba akan mayar da shi gyara. Masu sayen fim don wasu ƙasashe sukan nemi a ba su kiɗa da sauran sautuka a ware daga maganganu, domin a ɗora wani harshe. A Kano ana juya fina-finan Indiya zuwa Hausa da gwaninta, amma fim ɗin Hausa da aka cakuɗa muryoyinsa da kiɗansa a layi ɗaya, aka kuma goge asalin don a sami wuri a kwamfuta, da wuya a juya shi zuwa Faransanci ko Larabci ba tare da an sake gina sautinsa daga tushe ba.

Gyaran yana hannun ɓangarori biyu. Furodusa ya ware kuɗin kammalawa tun ranar da ake rubuta kasafi, ya ɗauke shi amanar da ba a taɓawa ko da ɗauka ta ƙara kwanaki, kuma ya ajiye kowane layin sauti daban. Jami'o'i kuwa suna da abin bayarwa wanda ba a kula da shi ba. Cibiyar koyar da fim ta ƙasa da ke Jos da tsangayar sadarwa ta Jami'ar Bayero suna koyar da dabarun shirya fim, yayin da sassan Hausa a Kano da Zariya da Sakkwato suke yaye ɗaliban da suka karanci ilimin furuci da tsarin sauti, waɗanda kunnensu ya horu a kan bambancin dogon wasali da gajere. Kwas guda na haɗin gwiwa, inda ɗalibin furuci zai zauna gefen ɗalibin tace fim su saurari fitowa ɗaya ta minti uku, su gyara ta har kowace kalma ta fito, bai fi ƙarfin kowace daga cikin waɗannan jami'o'i ba.