Filin Waƙa da Sujada: Wa Ke Waƙar, Makaɗa ko Jama'a?

A wannan wata ina so mu yi magana a kan sabbin waƙoƙin yabo da matasanmu ke kaɗawa da jita da piyano da ganguna.

Ran wata Lahadi matasan ekklesiyarmu suka kawo waƙar nan "Way Maker". Wata 'yar Nijeriya ce mai suna Sinach ta rubuta ta, ta fito a shekarar 2015. Ƙungiyar Leeland ta Amurka ta sake rera ta a 2019, a 2020 kuma ta ci lambar yabo ta Dove ta waƙar shekara. Ni ne nake kan piyano ran nan. Mun yi mako biyu muna koyo, kiɗa kuwa ya yi daɗi. Amma da na ɗaga kai, sai na ga rabin jama'a suna tsaye shiru suna kallonmu. Bayan an tashi sujada, wata dattijuwa daga zumuntar mata ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, kun yi ƙoƙari. Amma yau ku kuka yi sujada, mu kallo muka zo." Na ce, "Mama, ki gafarta mana." Maganar ta hana ni barci.

Laifin ba na waƙar ba ne, gama mai sauƙi ce ƙwarai. Amo huɗu ne kawai ke zagayawa: fa, do, so, la. Laifin namu ne, a wuri uku.

Na fari, mun kwaikwayi tsayin muryar da muka ji a waya. Muryar gwani takan kai inda ta Baba da Mama ba ta kaiwa. Ku sauke waƙa har sai mace da namiji sun rera ta ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Piyanon zamani yana da maɓallin yin haka, mai jita kuma ya sa kafo.

Na biyu, dukanmu muka shiga tare tun daga farko, kowa da iyakar ƙarfinsa. Waƙar nan tafiyar hankali take so, wajen bugu 68 a minti ɗaya. Bari piyano da murya ɗaya su fara, babbar jita ta biyo, ganga ta jira amshi. Wanda ya iya yin shiru a inda ya kamata, shi ma ya iya kiɗa. Mai kula da lasifika ya je ya zauna a bencin baya. In bai ji muryar na kusa da shi ba, to, a rage ƙara.

Na uku, ba mu koya wa kowa waƙar ba, ba mu kuma faɗi ma'anarta da Hausa ba. A 1 Korantiyawa 14, Manzo Bulus ya nuna cewa ko sarewa da molo, in amonsu bai fita sarai ba, ba mai gane abin da ake kaɗawa. Ya kuma so a yi waƙa da ruhu da fahimta gaba ɗaya. Minti uku kafin sujada sun isa a bayyana ma'ana, a maimaita amshi sau biyu.

Iyayenmu, ku ma ga taku. Kada ku kori yaran nan saboda jita. Bisa ga 1 Tarihi 25, mawaƙa 288 aka horar domin hidimar Haikali, manya da ƙanana, malami da almajiri tare. Waƙoƙin Littafin Waƙoƙi da kuke ƙauna ma, akwai ranar da suke sabbi a kunnen kakanninmu. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Bayan wata guda muka sake gwadawa. Muka sauke murya, muka gayyaci mata biyu su kawo tulu da caki. A amshin ƙarshe muka tsai da kiɗa duka. Muryar da na fara ji kuwa ta Mama ce.

Makaɗi, kafin Lahadi mai zuwa ka tambayi wani dattijo ko yana jin kansa sa'ad da kake kiɗa. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.