Tabaran Bi-Ar: Kafin Wani Yaron Ya Sake Faɗuwa



A shagalin Sallar da ta wuce, ɗan wani membanmu mai shekara 9 ya biya kuɗi aka ɗaura masa tabaran wasan nan da matasa ke kira Bi-Ar. Ko minti uku bai yi ba ya hau tangaɗi, ya faɗa kwata, haɓarsa ta tsage har sai da aka yi masa ɗinki. Tun ranar wasu iyaye ke cewa a hana abin gaba ɗaya, wasu ma har da zancen iska. Mu a ganinmu ba iska ba ce, kuma ba mu goyon bayan hanin.

Dattawanmu da suka shiga jirgi a tashar Kafanchan lokacin da take tashe sun san abin. Kana zaune a tarago, jirgin da ke layin kusa ya fara tafiya, sai ka ji kamar naku ne ya tashi, har ka dafe kujera, alhali ko gezau bai yi ba. Ido ne ya yaudare ka.

Tsayuwar mutum daram ta dogara da abu uku: ido, tafin ƙafa da gaɓoɓi, sai wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne da ke gane juyawar kai. Duka ukun suna kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Tabaran nan yana rufe ido ruf, ya nuna maka kana gangarowa daga tsauni a guje, kunne da ƙafa kuwa suna cewa a tsaye kake. Jiki ya karkata don ya tare faɗuwar da babu ita, sai ya faɗi da gaske. Daga wannan saɓanin ne jiri da zufa da tashin zuciya ke zuwa, irin wanda ke kama mai latsa waya a mota a kwanonin hanyar Kagoro, sai dai shi kunnensa ne ke jin tafiya, idonsa na kan abin da ba ya motsi.

Su kansu masu ƙera kayan ba su ɓoye ba. Sony ya ce nasa ba na yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba ne. Meta ya sauke nasa daga 13 zuwa 10 a 2023, da sharaɗin kulawar iyaye. To, wa ke tambayar shekarun yaro a wajen wasan Sallah?

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma shi ne bayan an cire. Jirin kan ɗan jima bai saki mutum ba, kuma mun ga saurayi ya cire tabarau ya haye babur nan take, da fasinja a baya.

Masu wannan sana'a 'ya'yanmu ne, neman halal suke a lokacin da aiki ya yi wuya, ba za mu toshe musu hanyar abinci ba. Amma muna roƙonsu: a yi wasan a zaune, nesa da kwata da bakin titi, wani ya tsaya kusa da mai wasan. Wanda ya ce yana jin jiri a cire masa nan take, kada a ce ya daure don kuɗinsa bai ƙare ba. Ƙananan yara a ba su haƙuri. Mai babur kuwa ya zauna sai kansa ya washe.

Za mu gayyace su taronmu na ƙarshen wata. Iyayen da ke son a hana su ma su zo mu ji hujjarsu.

Sakataren Ƙungiya